Yaron jaki da ya sassaƙa sarakuna

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu sanyin Ingila bai gama fita daga ƙashina ba. Ƙanena da ke karatu a Sheffield ne ya ja ni wannan yawon. Ranar wata Asabar da sassafe ya ce, "Yaya, shirya mu je Norton ka ga kabarin wani mai tallan madara." Na ce tun daga Kano zan taso in zo kallon kabari? Ya ce ni dai in sa rigar sanyi.

Norton a da ƙauye ne, yanzu birni ya haɗiye shi. A bakin hanya, kusa da tsohuwar cocin St James, akwai wani dogon ginshiƙin dutse da aka kafa a 1854 don tunawa da Francis Chantrey, shahararren mai sassaƙa mutum-mutumi, wanda aka haifa a nan kusa a 1781. Muna leƙe-leƙe sai ga wata dattijuwa da almakashin gyaran fure a hannu. Ita ta kai mu kan kabarin, ta kuma ba mu labarin da mutanen garin ke tutiya da shi: wai yana yaro jaki yake korawa da tulunan madara zuwa Sheffield. Nan take na tuna masu kai yashi da jakuna a unguwarmu. Wa zai kalli ɗaya daga cikinsu ya ce wata rana sarki zai zauna masa shiru yana auna hancinsa? Baiwar Allah nan ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta zuba mana shayi daga filas ɗinta, har da biskit. Na ce ashe a nan ma ana karrama baƙo.

Ita ce ta ce idan muna son ganin hannunsa sosai, mu je Lichfield. Kuɗin jirgin ƙasa kuwa, da na juya shi zuwa naira sai da na yi salati. Ga wani mai duba tikiti da ya tsare mu yana ɗaga murya don wayar ƙanena ta yi jinkirin buɗewa, kamar ya kama ɓarayi. Na haɗiye, baƙo ba ya faɗa.

Babbar cocin Lichfield hasumiya uku gare ta. Gaskiya da ɗari-ɗari na shiga, don mu da muka tashi kowane mutum-mutumi gunki muke ce masa, masassaƙi kuma turmi da allo muka san shi da su. Can kusurwa muka tarar da abin: yara mata biyu na farin dutsen marmara, kwance kan katifa, ƙaramar ta rungume yayarta, 'yan furanni a hannunta. Chantrey ya gama shi a 1817. Mahaifiyarsu ce ta sa aka yi, bayan ta rasa miji a 1812, babbar 'yar ta rasu sanadin wuta da ta kama rigar barcinta, ƙaramar ta bi ta ba da jimawa ba. Katifar har lotsawa ta yi a ƙarƙashinsu, sai ka rantse auduga ce a ciki. Na daɗe a tsaye. 'Ya'yana mata biyu haka suke barci, ƙafar wannan kan waccan.

Landan a gurguje muka yi ta. A dandalin Trafalgar ga Sarki George na 4 bisa doki, ba ko likkafa, an yafa masa mayafi irin na mutanen Rum na da, salon da zamanin ke yayi. Aikin Chantrey ne shi ma, amma bai taɓa ni ba. A gidan hotuna na National Portrait Gallery, nan bayan dandalin, ake ajiye zane-zanen fensir da yakan yi wa manya, gaba da gefe, kafin ya taɓa yumɓu. Ya rasu a 1841 ba ɗa ba jika, ya bar dukiyarsa a riƙa sayen ayyukan masu zane.

Oxford, inda aka tara kawunan da ya zuba da farar ƙasa, ba mu samu zuwa ba. Guzuri ya ƙare, jirgina kuma Talata ne.