Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da na ce wa mutane yaƙi ne

Barkanmu da sake haɗuwa 'yan'uwa. A makon jiya na tsaya a inda na samu babur na fara acaɓa tsakanin Oshodi da Mafoluku a Legas, har na ɗauko matata daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi tare da ƙanwarta da muke kira Auta, wadda ta biyo mu don ta taya ta renon ɗanmu na fari. Wannan kashin na daɗe ina kauce masa, sau biyu ina farawa ina gogewa, amma tunda nace zan ba da tarihina ba zan tsallake inda ya fi min ciwo ba.

Ranar Lahadi ce, 27 ga Janairu 2002. Mun dawo daga sujada, mun ci abinci, na fita aikin yamma saboda Lahadi da yamma akwai fasinja, lokacin kuma ana gasar kofin Afirka a Mali, duk inda ka leƙa mutane na gaban talabijin. Wajen la'asar sakaliya aka ji ƙara ta farko, gum! kamar taya ta fashe. Ba wanda ya damu. Sai ta biyu, sai ta uku, can wajen ƙarfe shida sai wata da ban taɓa jin irinta ba, ƙasa ta girgiza, gilasan tagogi suka zube, sama ta yi ja daga ɓangaren barikin soja na Ikeja, wasu jajayen abubuwa na tashi suna faɗowa kan gidaje.

Yaran yanzu in suka ji labarin sai suce to me ya sa kuka gudu, ai da kun zauna. Ku tsaya ku ji halin da zukatanmu ke ciki. Mulkin farar hula bai cika shekara uku da dawowa ba. Wata ɗaya kafin nan aka kashe ministan shari'a Bola Ige a gidansa a Ibadan. A watan Satumba an kai hari Amurka, a watan ne kuma Jos ta kama da wuta. Mu 'yan Arewa a Legas muna da namu tsoron daban, ba mu manta rikicin kasuwar Mile 12 na 1999 ba, manyanmu kuma suna ba mu labarin juyin mulkin Orkar na 1990 da aka shiga rediyo aka ce an cire jihohi biyar na Arewa daga Najeriya, har da Katsinata. To mutumin da yake kwana da wannan yana tashi da shi, ya ji bama-bamai daga bariki, me kake so ya ce?

Ni dai ga abin da na ce. Na juya babur na nufi gida ina ihu, yaƙi ne! juyin mulki ne! sojoji sun taso! Da Hausa na faɗa, da Turancin buroka na faɗa, duk layin da na bi sai da na faɗa. Ban ga soja ko ɗaya ba, ba wanda ya gaya min, daga cikina kawai ta fito kuma na yarda da ita.

Ina isa gida na tarar da Kawu zaune a ƙarƙashin matattakalar bene. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa, a lokacin yana gadi a wani kamfani. Ya kama hannuna yace, ɗana wannan ba yaƙi ba ne, shi yaƙi ana harbawa ana ramawa, wannan daga waje ɗaya yake fitowa kuma ba mai saiti, rumbun makamai ne ya kama wuta, ku shigo nan ku duƙa. Nace Kawu tsufa ya fara taɓa ka. Har gobe ina jin kunyar wannan kalmar. Na ɗora matata da jariri a babur, ba wajen mutum na huɗu saboda ga kaya, nace Auta ta bi maƙwabtanmu da ƙafa zan dawo in ɗauke ta. Shekararta goma sha ɗaya.

Ban iya dawowa ba. Hanya ta toshe da mutane, duhu ya yi, kowa na gudu ɓangaren da zai nisanta shi da Ikeja, daga Oshodi da Shogunle da Mafoluku aka kwarara ta Ajao Estate, a can kuma akwai babban magudanar ruwa da ta raba wajen da Oke-Afa. Ciyawar ruwa ta rufe samanta ruf, a cikin duhu sai ka rantse fili ne. Na gaba suka faɗa, na baya ba su sani ba suna turowa. A wannan ruwan kaɗai aka ciro ɗaruruwan gawawwaki, yawanci yara da mata, duka-duka waɗanda suka mutu a abin sun haura dubu ɗaya, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta taɓa su ba, gudu ne. Sai can da dare hukuma ta fito a talabijin tana cewa ba juyin mulki ba ne, gobara ce ta kai ga ma'ajiyar makamai. Wa ke gaban talabijin a lokacin?

Washegari Litinin da asuba ina bakin ruwan. Abin da idona ya gani, matasan unguwa da masunta da kwale-kwalensu su ne ke nutso suna fito da mutane, suna jerawa a kan ƙasa, iyaye na bi suna ɗaga zani suna duba fuska. 'Yan Red Cross na tattara yaran da suka ɓata suna rubuta suna, na je wajensu har sau uku da addu'ar ko tana cikinsu. Wani malami mai sayar da goro da muke gaisawa a Oshodi, Musulmi, shi ya bar tirensa ya yini yana bina asibiti-asibiti. Sai ranar Talata muka same ta. Da zanen Zumuntar Mata na yayarta da ta yafa muka fara gane ta.

A ranar Litinin ɗin ne shugaban ƙasa Obasanjo ya je barikin, mutane suka yi masa ca, shi ma ya fusata ya daka musu tsawa, duk ƙasa ta gani. Daga baya kuma magana ta fito cewa tun kafin nan an taɓa samun ƙaramar fashewa a wajen kuma an yi kira a kwashe tsofaffin makaman daga tsakiyar jama'a, ba a yi ba. Jin haka sai na samu inda zan sauke kayana. Gwamnati ce ta kashe Auta. Duk wanda ya zo gaisuwa haka nake ce masa, in na kwanta haka nake faɗa wa kaina, kuma gaskiya maganar na min daɗi saboda muddin ina faɗinta ba na tuna muryata a kan babur.

Ranar Laraba aka yi addu'ar tsakiyar mako a cocinmu na Hausa, ɗan ƙaramin waje ne da rufin kwano, ranar ya cika har waje. Wani dattijo ya tashi yace mu yi haƙuri nufin Allah ne, kada bakin kowa ya zagi hukuma domin Romawa 13 ta ce mu yi biyayya ga mahukunta. Wata mata kuma tace hukunci ne saboda zunubin Legas ya yi yawa. Ban san lokacin da na miƙe ba, nace wane zunubi yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta yi da ya fi na waɗanda suka ajiye bom kusa da kasuwa? Matasa suka ɗauka, wani yace gara ma sojan su karɓe, wani yace gara a yi yaƙin a raba ƙasar kowa ya huta.

Kawu ne ya fara magana, bai ma tashi tsaye ba. Yace ku da kuke kiran yaƙi, dare ɗaya kuka ji ƙararsa, ba ma shi ba ne, inuwarsa ce, ga abin da ta yi muku. Ni wata talatin na yi a ciki, daga 1967 zuwa 1970. Yace an ce mana mun ci nasara, Gowon yace ba wanda ya ci ba wanda aka ci, amma ni abin da na dawo da shi gida shine fuskokin yaran da na gani a ƙauyukan gabas, ciki ya kumbura gashi ya yi ja don yunwa, kuma iyayensu sunan Yesun da nake kira shi suke kira. Yace duk wanda ya sake cewa a yi yaƙi a gabana, ya fara zaɓo wanda za a fara binnewa a cikin 'ya'yansa. Coci ta yi tsit.

Sannan Baba Fasto ya buɗe Luka sura 13, inda aka ba Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya kawo zancen mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya amsa da kansa cewa a'a. Baba Fasto ya juya wajen matar nan a hankali yace, mama kada ki sake ɗora wa matattu laifi, Ubangijinmu ya hana. Ya juya wajen dattijon yace, baba, Littafin da ya ce a yi biyayya shi ne ya ce a Maimaitawar Shari'a 22 in ka gina gida ka yi wa rufinsa shinge, don in wani ya faɗo alhakin jininsa kada ya hau gidanka, a cikinsa ne kuma Allah ya aiki annabi Natan ya tsaya gaban sarki Dawuda ya nuna shi da yatsa. Sakaci sunansa sakaci, kada mu saka masa rigar Allah. Ni ina jin haka har na fara gyaɗa kai, an zo wajena.

Sai ya ci gaba, yace amma Yesu bai bar masu kawo labarin su tafi da zancen Bilatus a baki ba, kansu ya juyo da maganar, yace su tuba. Bai kalle ni ba, bai ma san abin da na yi ba, amma na ji kamar an zare min zani a kasuwa.

Da daddare na samu Kawu a tsakar gida na faɗa masa komai, ihun da na yi, layukan da na bi, maƙwabtan da na san suna zaune lafiya sai da suka ji muryata suka kwashi yara. Na yi zaton zai ce ba komai. Bai ce ba. Yace e ɗana ka faɗi abin da ba ka sani ba, kuma mutane sun gudu a kai, wannan naka ne, ka kai shi gaban Allah ka kuma faɗa wa matarka. Amma ba kai ka tara makaman ba, ba kai ka ƙi kwashe su ba, ba kai ka bar gari awa da awanni ba wanda ya ce musu ga abin da ke faruwa, wannan nasu ne, kada ka ɗauke musu kuma kada ka ɓuya a bayansa.

Faɗa wa matata ya fi komai wuya. Ta yi kwana biyu ba ta ce min uffan ba. A na ukun ta ajiye min abinci tace, Baban yaro ni ma da na ce a sauke kayan a ɗora ta, ban ce ba. Muka zauna muka yi kukan da ba mu yi tare ba tun ranar.

Har yau in ana zancen nan ba na sassauta wa gwamnati, kuma ba na jin hakan ya saɓa wa bangaskiyata. An kafa NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, tun 1999, amma wanda na gani cikin ruwa har wuya ɗan unguwa ne da ba ko takalmi. Alkawuran da aka yi wa iyalai, ku je Oke-Afa inda aka binne mutane da yawa a kabari ɗaya ranar 27 ga Janairu ta kowace shekara ku tambayi waɗanda ke zuwa. Duk da haka ina yi wa shugabanni addu'a kamar yadda Bulus ya gaya wa Timoti, ko da yake akwai shekarun da bakina ne kawai ke yi zuciyata ba ta ciki. Abin da ya canja shine in gini ya rushe ko ruwa ya ci unguwa, ba na tsayawa a bakin titi ina lissafa laifin Abuja da Alausa, inda gwamnatin jihar Legas take, har gari ya waye, nakan fara tambaya ina ake buƙatar babur ko jini ko hannu. Kuma tun daga ranar, ko a WhatsApp aka turo min cewa ana faɗa a wani waje, ba na turawa kowa sai na kira wanda ke tsaye a wajen.

Mun yi shirin ranar Lahadi mai zuwa cocinmu za ta tara baiko da tufafi a kai wa iyalan sojojin da suka rasa matsuguni, domin su ma dubbai ne suka kwana a waje. Ba a kai ga haka ba. Ranar Asabar 2 ga Fabrairu, kwana shida kacal da fashewar, ina wanke babur sai ga malamin nan mai goro ya shigo a guje ba hula, yace faɗa ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarbawa, iyalinsa suna can, ko zan kai shi. Matata ta riƙe min riga. Abin da ya faru a wannan tafiyar sai a kashi na 15, mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.