Ranar da kwanson harsashi ya maƙale mini a cikin dayis

Kawuna tsohon mafarauci ne a Argungu, mai adaka da karnuka biyu. Da na dawo daga Amurka, inda na yi shekara uku ina karatun aikin ƙarfe a jihar Tekzas, na tarar da shi a zaure yana goge bindigarsa da man kaɗe. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, wai da gaske a can mutum zai harba harsashi, ya tsinci kwanson ya sake cika shi?" Na ce, "Da gaske ne, Kawu, da hannuna na yi."

Maƙwabcina ne a can, wani dattijo mai farautar barewa, ya koya mini a garejinsa. Dokarsu ta yarda da haka. A nan kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma duk wanda ya san halin da ƙauyukan Kebbi da Zamfara suke ciki ba zai ga laifin dokar ba. Tun da na dawo ban sake taɓa aikin ba.

Bindigar dattijon mai cin harsashin .308 Winchester ce. Kwansonta tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya. Idan aka harba yakan kumbura ya cika cikin bindiga, don haka sai an matse shi ya koma girmansa. Dayis ne yake wannan aikin: wani bututun ƙarfe mai tauri da aka fafe cikinsa da siffar kwanson, a ɗaura shi a kan injin matsewa, a tura kwanso ciki da hannun injin.

A rana ta biyu na ɗauki kwanso ɗaya da ban shafa wa mai ba, na tura. Na ji hannun injin ya yi nauyi fiye da yadda na saba, amma na ƙara danna shi. Da na zo janyowa sai bakin gindin kwanson ya yage, gangar jikin ta zauna daram a cikin dayis. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini abin huda ƙarfe, muka huda gindin, muka yanka masa zare, muka ɗaura noti muka riƙa juyawa a hankali har ya fito. Yammacin nan gaba ɗaya a kan kwanso ɗaya ya tafi.

Washegari tsoro ya sa na lafta mai. Kwanso goma sha biyu suka fito da lotsa a kafaɗa, wato inda kwanso yake tsukewa kafin wuya, kamar an danna su da farce. Mai ba ya matsuwa. Idan ya taru a kafaɗar kwanso bai sami hanyar fita ba, tagullar ce take ba shi wuri. Daga nan na gane jikin kwanso ake shafa wa, siriri ƙwarai, a bar kafaɗa a bushe.

Na gwada mai kala huɗu. Akwai na zubawa a kan soso a mirgina kwanso, shi ne ya lotsa mini kaya. Akwai na fesawa, mai sauri, sai dai dole a jira ya bushe, wanda ya yi gaggawa zai sake maƙalewa. Wasu suna narka maiƙon gashin tunkiya, lanolin, a cikin sifirit su fesa, yana da araha kuma yana aiki. Ni dai kakin Imperial na kamfanin Redding na fi so. Ɗan kaɗan za ka dangwala a yatsa ka murza, yatsanka ne yake gaya maka ya isa. Cikin wuyan kwanso kuma garin girafayit, irin baƙin cikin fensir, ake sa masa.

Wajen zaɓen dayis, masu harbin gasa da yawa sun so ja na zuwa wanda yake matse wuya kaɗai, wai tagulla ta fi daɗewa. Amma kwanson da aka yi wa haka bindigar da ta harba shi kawai yake shiga, kuma bayan 'yan harbe-harbe sai ya fara cijewa. Mafarauci a daji ba ya son harsashi mai gardama. Na tsaya kan mai matse jiki gaba ɗaya, a saita shi ya tura kafaɗa baya da kamar inci 0.002, kada ya wuce, domin matsewa fiye da kima tana sa kwanso ya riƙa miƙewa har ya tsinke kusa da gindi.

Na ƙarasa wa Kawu da cewa bayan an gama dole a goge man tas, saboda kwanso mai santsi ba ya kama bangon bindiga lokacin harbi, sai ƙarfin ya koma baya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Mu ma ba ma ɗura albarushi a bututu mai maiƙo, kashe shi yake yi." Sai ya miƙo mini busasshen tsumma da sandar gugar, ya ce in ƙarasa masa.