Asabar: musun bos a shagon aski

Yau ban fita da wuri ba, sai wajen goma da rabi na leƙa shagon aski don sumata ta taru sosai. Na tarar da mutum huɗu a gabana, janareto na ta ƙugi a waje, a talabijin ɗin bango kuma an saka The Dark Knight Rises, fim ɗin Batman na 2012 ɗin nan, daidai inda Bane, bos ɗin fim ɗin, ya shigo. Ashe Yaya ma yana ciki yana jiran layi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya nuna allon da baki ya ce wai wannan ai ba Bane ba ne, an cuce mu, Bane na littafin zane ƙato ne kamar kuka, ga tiyo har ƙeya yana ɗura masa Venom, sinadarin da ke ƙara masa ƙarfi, wannan kuwa gajere aka ɗauko aka ƙaƙaba masa takunkumi.

Na ce Yaya ka yi haƙuri, a nan kam ba na bayanka. Gaskiya ne Tom Hardy da ya fito a Bane bai kai Christian Bale da ya fito a Batman tsawo ba, sai da ya ƙara kusan kilo 14 saboda fim ɗin, kuma babu Venom, takunkumin nasa na rage masa raɗaɗi ne kawai. Amma me ya sa aka ji tsoron Bane tun fitowarsa a 1993? A kurkuku aka haife shi, a nan ya yi ta karatu har ya iya harsuna, da ya zo Gotham, garin Batman, bai tare shi gaba da gaba ba, sai ya fasa Arkham, asibitin mahaukatan da ake tsare miyagu, ya saki duk masu laifin da ke ciki, ya zuba ido Batman na ta binsu ɗaya bayan ɗaya har ya galabaita, ya kuma gano Batman ɗin shi ne Bruce Wayne, sannan ya same shi har gida ya karya masa baya a kan gwiwa. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne kafin na damtse.

Sai na tuna masa Bane na fim ɗin Batman & Robin na 1997, wanda suka ɗauko ɗan kokawa Jeep Swenson. Jiki ya kai jiki, tiyo na nan, takunkumi irin na zanen sak, amma sun maida shi ɗan koren Poison Ivy, wata muguwa a fim ɗin, sai gurnani, magana ma da ƙyar. Wa yake tuna shi yau? Mai askin ma sai da ya ɗaga kilifa daga kan wani ya ce shi bai ma san akwai Bane a wancan ba.

Yaya bai saki ba, kuma inda ya kama ni na yarda. Ya ce to Kingpin fa, ƙaton uban 'yan daban nan na zane, ka ɗauko siriri ka ce Kingpin ne mu gani. Nan dole na ce eh, don shi girman jikin shi ne labarin, tun da ya fara fitowa a Spider-Man a 1967: kowa na ganin ƙiba ce, attajiri mai farin kwat da sanda, sai an gwabza a gane duk tsoka ce. In ka cire wannan ka cire yaudarar da yake cin mutane da ita. Shi ya sa har yau nake kare Michael Clarke Duncan da ya fito a Kingpin a fim ɗin Daredevil na 2003, an yi ta surutu wai Kingpin bature ne an ba baƙar fata, alhali mutumin ya kusa mita 2, ga kai ƙwal, ga murya kamar daga cikin rijiya, in ya miƙe tsaye ɗakin sai ya yi kaɗan. Launin fatar ba abin da yake yi a labarin, girman kuwa yana yi. Da haka layina ya zo, muka bar ta a nan.

Da la'asar 'yar goggona ta zo gidanmu, kuma abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. Tana da tabon ƙuna daga kumatun hagu har wuya, risho ne ya fashe tana 'yar shekara shida. Ƙanenmu na kwance a tabarma yana zane a bayan littafin makaranta, dama aikinsa ke nan, ya zana wani bos nasa na kansa, ya ja masa wani dogon tabo daga ido zuwa haɓa yana ta danna biro a wurin har takardar ta kusa hujewa. Ta tsaya a kansa tana kallo, ta ce Auta me ya sa ka yi masa wannan? Ya ce Anti ai don a gane mugu ne. Bai ma ɗago ba, wallahi bai san me ya faɗa ba. Ta yi ɗan murmushi ta gyara mayafinta ta ɓangaren hagu ta wuce ɗakin Mama.

Jikina ya yi sanyi. Duk musun da na yi da safe ban kawo wannan a raina ba ko sau ɗaya. Joker na zane fatarsa ce ta koɗe bayan ya faɗa cikin sinadari, haka ma aka yi wa Jack Nicholson a 1989, amma na Heath Ledger a 2008 fenti ya shafa, sai aka ƙara masa tsagar baki gefe da gefe, kuma ni kaina na sha cewa wannan tabon ya ƙara wa fim ɗin armashi. Two-Face kam, abokin gabar Batman mai rabin fuska a lalace da ke jefa kwabo kafin ya yanke hukunci, ban ga yadda za a yi shi ba tare da rabin fuskar ba, sunansa da kwabonsa da komai a kai suka rataya. Amma sauran fa, nawa ne aka yanka musu fuska don kawai mai fim ya huta da gina hali? A 2018 hukumar fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta, bayan gangamin ƙungiyar Changing Faces mai kare masu tabo a fuska ko jiki. Lokacin da na karanta na ɗauka sun yi zafi da yawa. Yau ban ga zafin ba.

Bayan isha'i na kira Auta, ban yi masa faɗa ba, na ce ya sake zana min bos ɗin amma fuska lafiya lau, ya nemo wata hanyar da zan ji tsoronsa. Ya ɓata takarda uku yana tsaki. Ta huɗu ya kawo min mutum a zaune kan kujera, hannaye a kan gwiwa, mutane biyar tsaye a gabansa duk kansu a ƙasa. Na ce ya ajiye min ita, gobe zan kai wa Yaya ya gani.