Ranar da muka yi dakon kwale-kwale a Kogin Basswood

Laraba. A littafi nake rubuta wannan da tocila a cikin tanti, don babu sabis ko ɗigo a dajin nan, sai mun fita garin Ely zan kwafe shi a waya. Kafaɗuna ciwo suke kamar an yi min duka amma wallahi ba zan kwanta ban rubuta ba.

Da sassafe muka bar masaukinmu a Tafkin Basswood, mu shida kwale-kwale uku. Dama doka ce a Boundary Waters ɗin nan, dajin tafkuna da koguna na arewacin jihar Minesota a Amurka, ayari ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4, kuma ba a shigo da abincin gwangwani ko na kwalba. Ni da abokina ɗan Maraɗi jirgi ɗaya, yana baya yana juya akala ni ina gaba da filafili. Hannun dama Kanada hannun hagu Amurka, ba shinge ba soja, ruwa ne kawai da duwatsu da itatuwa.

Tun kafin mu ga komai muka fara jin rugugin, kamar tirela na tahowa daga nesa. Dattijon da ke mana jagora ya ɗaga filafili ya nuna gaɓa, duk muka karkata. Nan ne bakin hanyar da ake kira Horse Portage, wato inda ake sauka a ɗauki jirgi da kaya a kewaye gangaren ruwan a ƙasa. A taswira an rubuta 340, su da "rod" suke awo, kowane ɗaya kamar mita 5, kusan tsawon kwale-kwale guda kenan. Lissafi ya ba ni kilomita 1.7, kuma sawu biyu za mu yi, ka je ka dawo ka sake zuwa, ya haura kilomita 5.

Gaskiya raina bai so ba. Na leƙa ta saman wani dutse na ga farkon gangaren bai yi min kama da abin tsoro ba, na ce masa Baba, wannan ai minti biyu mun wuce. Bai yi min musu ba, ya ɗauko wani guntun reshe mai kaurin hannuna ya jefa, ya ce in bi shi da ido. Reshen ya tafi sumul har ya kai wani wuri da ruwan ya yi santsi kamar gilashi, sai kawai ya nutse, na tsaya ina jira ina jira, can ƙasa ya ɓullo yana juyi a wuri ɗaya cikin farin kumfa ya kasa fita. Ya ce an sha rasa rai a nan, har da masu sanye da rigar kariya. Jikina ya yi sanyi, na koma na fara kwance kaya.

Yadda ake ɗaukar jirgin, kifa shi ake a kai, akwai katako a tsakiya mai ɗan kushin biyu da ke zama a kafaɗa. Bai wuce kilo 20 ba, da farko har ka raina shi, amma ba ka ganin komai sai ƙafarka da taku uku a gaba, ga saiwoyi ga taɓo ga dutse mai santsi, ga sauro sun shige ƙarƙashin jirgin sun same ni hannuwa biyu a riƙe ba damar kora. Na yi ta kewar gammo. Wajen rabi na jingina hancin jirgin a reshe na tsaya ina haki, abokina ya iso da jakar abinci a baya ya ce ɗan'uwa sannu, kawo in karɓe ka. Na ce bari in ƙarasa.

A wannan tafiyar kakana ya faɗo min a rai, Allah Ya jiƙansa. Basarke ne na Yawuri, yana ba mu labarin duwatsun Busa a Kogin Kwara, yadda ake sauke kaya a ja jirgi da igiya ta gefe, wurin da Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Tun 1968 dam ɗin Kainji ya shanye wurin, ni ban taɓa gani ba, a tatsuniya na ɗauke shi. Yau da ruwan na ruri a gefena kafaɗata na zafi na ji kamar muryarsa, yana cewa ruwa ba sa'an kwando ba, na yi masa addu'a ina tafe hawaye na haɗuwa da gumi.

Sauran gangaren biyu, Wheelbarrow da Lower Basswood, gajeru ne, ba wanda ya sake cewa uffan muka sauka muka ɗauka. Azahar da la'asar ni da abokina muka haɗa su a kan wani faffaɗan dutse, abokan tafiyar suka ja gefe suka yi shiru har muka idar, abin ya burge ni sosai.

Dab da yamma muka shiga Tafkin Crooked muka matsa jikin wani dogon dutse, ga zanen mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, da jar ƙasa, dabba mai ƙaho, tsuntsaye, mutane a cikin jirgi. Baba ya ce kada a taɓa, kada a watsa ruwa. 'Yan asalin yankin ne suka fitar da hanyoyin nan da muka taka yau tun kafin Turawan fataucin fata su zo.

Mun rataye jakar abinci a bishiya saboda beyar. Gobe in Allah Ya kai mu da asuba za mu tashi kafin iska ta taso, kuma ni zan zauna a baya, Baba ya ce zai koya min juya jirgi.