Kusurwar akwati da wayoyin Damagaram

Wani baduku a Birni ya ba ni aikin shafin intanet da zai baje jakunkuna da takalman da yake ɗinkawa. Kowane kaya na sa shi a akwatinsa, hoto a sama, farashi a ƙasa, kusurwoyi huɗu a lanƙwashe. Da yamma ya kira ni. "Malam, a wayar ɗana akwatin sumul yake, a tawa kuwa kusurwar tsini gare ta. Wanne ne aikin naka?"

Duk biyun nawa ne. Ɗan yana buɗe shafin da burauzar Chrome, uban kuma da ta Opera Mini, a yanayin nan na tsimin data da mutanenmu da yawa ke so. A wannan yanayi ba wayar ce ke zana shafin ba: na'urorin kamfanin ne ke matse shi su turo mata, kuma border-radius, umarnin da ake rubutawa don lanƙwasa kusurwar akwati, ba ya tsallake wannan matsi. Na ce masa, "Baba, kayanka da farashinsu duk sun fito, adon ne kawai ya rage." Ban ɓata lokaci ina neman dabarar tilasta shi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Abin da na tabbatar shi ne akwatin yana da siririn layi a gefe da isasshen fili a ciki, yadda ko da tsinin zai yi kyan gani.

A da, hotuna huɗu ake yankawa a manna a kowace kusurwa. Daga baya aka koma rubuta umarnin a layi uku saboda burauza daban-daban: na -webkit-, na -moz-, da na ainihi. Internet Explorer, burauzar Microsoft, bai san border-radius ba sai a fitowa ta 9, a 2011, kuma Microsoft ta sallami Internet Explorer ɗin a 2022. Yau layi ɗaya ya wadatar, amma har yanzu ina ganin ukun nan a aikin ƙannenmu ɗalibai, sun kwaso daga tsofaffin darussa.

Matsalolin da suka rage su ne ke cin rai, don ba sa nuna kansu a kwamfutar mai aikin. Ka lanƙwasa akwati, hoton da ke ciki ya leƙo ta kusurwa da tsininsa. Maganinsa a rubuta overflow: hidden a jikin akwatin, ya yanke duk abin da ya leƙo waje. To amma idan hoton yana motsi ko yana ɗan girma in an taɓa shi, tsofaffin Safari, burauzar iPhone, sukan saki yankan a tsakiyar motsin, tsinin ya dawo. Nan nake ƙara isolation: isolate, sai ya zauna. Wanda bai da iPhone a hannu ba zai taɓa ganin wannan ba, shi ya sa nake aron na wani abokina kafin in miƙa aiki.

A iPhone ɗin ne kuma za ka ga maɓalli da gurbin rubutu sun zo da tasu lanƙwasar, ba wadda ka sa ba. Sai ka rubuta appearance: none, tare da -webkit-appearance: none saboda tsofaffin wayoyi, sannan ka ba su taka.

Teburin farashi ma ya ƙi lanƙwasuwa. Muddin border-collapse, umarnin da ke haɗe layukan tebur, yana kan collapse, layin gefensa ba zai bi border-radius ba. Ka mayar da shi separate, ka sa border-spacing: 0.

Akwai wata matsala da ba laifin burauza ba ce, amma ita ta fi damuna, domin ido yana kama ta ko mutum bai san sunanta ba. Idan akwati yana cikin akwati, aka ba su lanƙwasa iri ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu takan kumbura a kusurwa, kamar ɗinkin da bai bi bakin fata ba. Lissafin mai sauƙi ne: a cire faɗin tazarar daga lanƙwasar waje. In ta waje 16px ce (px ma'aunin ɗigon allo ne), tazara 6px, ta ciki ta zama 10px. Haka kuma 50% a kan akwatin da tsawonsa da faɗinsa ba ɗaya ba, siffar ƙwai zai ba ka. In maɓalli mai zagayayyen baki kake so, ka sa babbar lamba kamar 999px, burauza da kanta za ta rage ta daidai da tsayin maɓallin.