Akokon da ya shanye mini fenti

Zanena na farko da fentin mai, hoton kakata ne, kuma a kan akoko tsura na yi shi. Na sayo yadi biyu a Kasuwar Barci, wani kafinta a Panteka ya haɗa mini firam, na ɗaure ƙyallen na hau aiki. Ko kwana uku ba a yi ba launin ya dushe, jan mayafinta ya koma kamar jar ƙasa. Da na juya bayan, sai ga mai ya ratso ya yi dabbare-dabbare.

Na kai wa wani dattijo mai zane da ya yi karatu a Zariya. Ya shafa bayan da yatsa, ya shinshina, ya ce, "Yaro, ai ƙyallen ka ciyar." Na ce, "Baba, to ina gyaran?" Ya ce babu, sai dai na gaba. Man linsid da ke cikin fentin, in ya shiga zaren auduga cin sa yake yi sannu a hankali, bayan shekaru ƙyallen ya riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Dole a sa shamaki tsakaninsu.

Masu zanen Turai na da, gam ɗin fatar zomo suke shafawa kafin farin shafin da ake yin zane a kansa. Ni dai ban ga amfaninsa a Kaduna ba, don yana shan danshi: ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, fentin da ke kansa ya tsattsage. Yanzu jeson akirilik nake shafawa, wato wani farin shafi mai toshe saƙar ƙyalle, sau 3 ko 4. Wasu abokan sana'a na haɗa farin fentin ɗaki da gam ɗin kafintoci saboda tsada. Na yarda da shi a koyo, amma ban da aikin da zan karɓi kuɗin mutum.

Shafin farko da ɗan ruwa-ruwa nake yi don ya shiga saƙar. Na biyu a kwance, na uku a tsaye, kowanne sai ya bushe sarai in goge shi da samfefa mai laushi. Daga nan in ɗaga firam ɗin in kalli rana ta cikinsa. Duk inda haske ya ɓullo kamar hudar allura, mai ma zai bi ta nan, sai in ƙara shafi.

A watan Disamba na taɓa shanya firam huɗu da na yi wa shafi a tsakar gida don su yi saurin bushewa. Ƙurar hunturu ta manne musu, suka yi kaushi kamar bangon da ba a yi wa filasta ba, na wuni ina guga. Tun ranar a ɗaki nake jingine su, fuskarsu na kallon bango, taga a rufe.