Yaron da ke fitsarin kwance ba da gangan yake yi ba

Idan yaro ya kai shekara shida ko bakwai, yana zuwa makaranta, yana riƙe fitsarinsa duk tsawon yini, amma kusan kowace safiya a tarar da shimfiɗarsa a jiƙe, abin da ke fara zuwa zuciyar iyaye shi ne ƙyuya ce ta hana shi tashi. A ganina wannan zaton shi ne tushen yawancin wahalar da ake sha a kan lamarin, domin daga gare shi ne faɗa da duka da gori suke fitowa. Wanda yake barci ba shi da iko a kan mafitsararsa, kuma duk gidan babu wanda ya fi yaron son gari ya waye shimfiɗarsa a bushe.

Likitoci ba sa ma ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin yaro ya cika shekara 5. A wannan shekarun, kimanin yara 15 cikin 100 ba su daina ba. Idan aka kai shekara 10 sai adadin ya sauko zuwa wajen 5 cikin 100, a shekara 15 kuwa ɗaya ne ko biyu suka rage. Yara maza sun fi mata yi, kuma abin yana bin jini: idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi fitsarin kwance yana ƙarami, kusan rabin 'ya'yansa na iya yi, idan kuwa su biyun ne, to kusan uku cikin huɗu. Uban da ransa ya ɓaci a kan ɗansa, da zai tambayi mahaifiyarsa shekarar da shi ya daina, wataƙila amsar ta sanyaya masa jiki. Idan ya daure ya gaya wa yaron cewa shi ma ya yi, kuma ga shi ya wuce, ya sauke masa nauyi mai yawa.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su jawo shi. Akwai wani sinadari mai suna basofiresin da jiki ke ƙara fitarwa da dare domin ƙoda ta rage fitsarin da take tacewa. A wasu yara wannan ƙarin bai fara zuwa yadda ya kamata ba, don haka fitsarinsu na dare yana da yawa. Wasu kuma mafitsararsu ba ta ɗaukar da yawa, ko tana matsewa tun ba ta cika ba. Likitoci suna ƙiyasta abin da mafitsarar yaro ke ɗauka ta hanyar ƙara ɗaya a kan shekarunsa a ninka da mililita 30, wato ɗan shekara 7 zai riƙe wajen mililita 240. Na ukun shi ne ƙwaƙwalwar yaron ba ta farkar da shi idan saƙon cikar mafitsara ya iso mata. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da tsoron bulala zai gyara.

Abin da aka fi mantawa da shi, wanda kuma nake ganin ya kamata a fara dubawa kafin komai, shi ne bayan gida. Ƙarshen hanji yana kwance ne dab da bayan mafitsara, saboda haka idan bayan gida ya taru ya yi tauri, sai ya danne ta, ya rage mata wuri, ya kuma sa ta riƙa matsewa ba lokaci ba. Iyaye da yawa ba su san halin da cikin yaronsu yake ciki ba tun ranar da ya fara shiga banɗaki shi kaɗai. Sai an tambaye shi a keɓe, cikin sanyin murya: sau nawa yake zuwa a mako, yana yin nishi, yana jin zafi, abin yana fitowa da tauri? Yaron da ke zuwa kullum ma yana iya kasancewa bai fitar da duka ba, kuma ɗan tabon kashi a wando alama ce ta hakan. Akwai yaran da da zarar an magance musu taurin bayan gida, fitsarin kwancen ya ragu sosai ko ya tsaya ba tare da an yi wani abu daban ba.

Maganar ruwa ma ana yawan juya ta. Sai a hana yaro sha tun la'asar, alhali shi a makaranta bai sha komai ba, wani lokaci da gangan, don kada ya shiga banɗakin da ba ya so ko ya nemi izinin malami a gaban 'yan aji. Ya dawo gida da ƙishirwa, ya kwankwaɗi ruwan yini guda da yamma, ƙoda kuma ta yi aikinta da dare. Abin da ya fi shi ne ya sha yawancin ruwansa da safe da rana, ya riƙa yin fitsari a kan lokaci ba tare da ya matse ba, ya rage sha awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ya bar shayi da lemon kwalba mai sinadarin kafeyin da yamma, sannan ya yi fitsari dab da zai hau gado.

Ɗaukar yaro cikin barci a kai shi banɗaki da tsakar dare yana iya ceton katifa, amma ba ya koya masa komai, tunda cikin barcin ya sake yi. Gara a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, a ajiye wani zanin da wando a kusa, a bar fitila a hanyar banɗaki. Da safe ya wanke jikinsa sosai kafin ya tafi makaranta, domin zarnin da abokai za su ji ya fi jiƙewar kanta cutar da shi. A kuma tsawatar wa 'yan'uwansa, kada maganar ta fita waje. Idan za a yaba masa ko a ba shi tukuici, a yi a kan abin da ke hannunsa, kamar shan ruwa da rana da yin fitsari kafin barci, ba a kan daren da ya tashi a bushe ba.

Idan an gyara waɗannan kuma abin bai tsaya ba, hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ƙararrawar fitsari, wadda aka san amfaninta tun 1938. Ɗan ƙaramin abu ne da ake maƙalawa a wando, wanda ke yin ƙara da zarar ɗigon farko ya taɓa shi. A makonnin farko ƙarar za ta tashi kowa a gidan ban da mai ita. Uwa ko uba ne zai je ya dafa shi ya ce, "Tashi, yarona, ƙararrawarka ce," ya tabbatar idonsa ya buɗe, ya bar shi ya kashe ta da hannunsa, ya taka da ƙafarsa ya ƙarasa fitsarin a banɗaki. Ana ɗaukar wata biyu zuwa uku ana haka, har sai ya yi dare 14 a jere a bushe, kuma kimanin yara biyu cikin uku suna samun nasara. Aiki ne mai cin barcin iyaye, don haka kada a fara shi sai yaron da kansa yana so.

Akwai kuma maganin desmofiresin, wanda ke yin aikin sinadarin basofiresin da aka ambata a sama. Yana aiki da sauri, yana kuma da amfani idan yaro zai kwana a wani wuri ko zai shiga makarantar kwana, sai dai sau da yawa abin yana dawowa idan aka daina sha. Likita ne kaɗai zai rubuta shi, domin dole ne a taƙaita shan ruwa daga awa ɗaya kafin a sha shi har zuwa awa 8 bayan haka, in ba haka ba gishirin jini na iya sauka ƙasa zuwa matakin haɗari.

Wasu alamu kuwa ba a jira da su. Yaron da ya yi wata shida ko fiye bai jiƙa shimfiɗa ba sannan ya koma, ko wanda ke jiƙa wando da rana, ko yake jin zafi wajen fitsari, ko yake fama da ƙishirwa mai yawa yana ramewa, ko yake minshari mai ƙarfi har numfashinsa na tsayawa cikin barci, duk a kai su asibiti, domin bayan irin wannan ana iya samun ƙwayoyin cuta a mafitsara, ko ciwon sukari, ko toshewar hanyar numfashi, ko wata damuwa da yaron bai faɗa ba. Yara masu sikila ma sun fi sauran yin fitsarin kwance, saboda ƙodarsu tana fitar da ruwa da yawa, kuma su ba a rage musu shan ruwa sai da shawarar likita. Kafin a tafi, yana da kyau a rubuta na 'yan kwanaki abin da yaron ya sha, lokutan fitsarinsa, bayan gidansa da dararen da ya jiƙa, domin waɗannan ne tambayoyin da likita zai fara yi.